Waye Ya Ce 'Yan Kweka Ba Sa Wa'azi?

Akwai wani yabo da ake yi wa 'yan Kweka wanda duk sa'ad da na ji shi sai raina ya sosu. Da zarar an fara kuka da masu wa'azin lasifika da ke hana unguwa barci, sai wani ya ce ai da kowa zai yi koyi da 'yan Kweka da an huta, su kam Kiristoci ne da ba sa kiran kowa zuwa addininsu, taimako kawai suke yi su ja bakinsu su yi shiru. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wasu 'yan Kwekan Birtaniya da na gabashin Amurka sun karɓi wannan yabo hannu bibbiyu, har suna tinƙaho da shi.

Ni dai ban yarda ba. Kai bisharar Almasihu ga dukan mutane yana cikin tushen wannan ƙungiya tun ranar farko. Abin da ya raba su da sauran masu wa'azi shi ne yadda suke yin sa: ana tantance mai tafiya kafin ya fita, ba a tilasta wa mai sauraro, kuma ba a sayen zuciyarsa da abinci ko magani. Duk inda suka saki ɗaya daga cikin waɗannan an ga ɓarna, kuma nasu tarihin ne ya nuna haka.

Ga wanda bai san su ba, sunansu na ainihi Ƙungiyar Abokai. George Fox, ɗan wani masaƙi a tsakiyar Ingila, shi ya fara wa'azin a 1647. A ibadarsu ta asali babu fasto, babu baftismar ruwa, babu gurasar jibin Ubangiji. Jama'a na zama shiru kamar awa guda, wanda ya ji Ruhu Mai Tsarki ya ba shi magana sai ya miƙe ya faɗa, namiji ne ko mace. Wannan shirun na ibada ne mutane ke rikitawa da shirun ɓoye saƙo.

Mutanen farko ba su zauna a ɗaki ba

A 1652 Fox ya hau dutsen Pendle a arewacin Ingila, ya ce an nuna masa jama'a mai yawa da za a tattaro. Bayan 'yan makonni ya yi wa mutum kusan dubu wa'azi a fili a Firbank. Kafin 1654 ta ƙare, maza da mata kimanin sittin sun bazu bibbiyu zuwa Landan da Bristol da sauran garuruwa. Yawancinsu manoma ne da masu sana'ar hannu da barorin gida. A kasuwa suke magana, da ƙofar kurkuku, da cikin majami'u bayan limamin cocin ya gama huɗubarsa.

Labarin Mary Fisher ya isa misali. Baiwar Allah 'yar aikin gida ce daga Yorkshire. An yi mata bulala a Cambridge a 1653 saboda ta yi wa ɗalibai wa'azi. A 1656 ita da Ann Austin suka isa Boston a Amurka, hukumar garin ta ƙona littattafansu, ta tsare su mako biyar, ta tuɓe su tana neman alamar maita, sannan ta kore su. Wannan garin ne ya rataye 'yan Kweka huɗu tsakanin 1659 da 1661, cikinsu har da Mary Dyer.

Duk da haka Mary Fisher ba ta daddara ba. A 1658 ta nufi Sultan Muhammadu na Huɗu na Daular Usmaniyya. Jami'in Ingila da ke Izmir ya sa ta a jirgin ruwa don ta koma gida, ta sauka a hanya, ta bi ta ƙasa har Adrianople, wadda yau ake kira Edirne, inda Sultan ya yada zango da rundunarsa. Bisa abin da 'yan Kweka suka rubuta, an karɓe ta da girmamawa irin ta jakada. Ta tsaya shiru na ɗan lokaci, Sultan ya ce ta faɗi abin da aka aiko ta da shi, kada ta rage kada ta ƙara. Ta faɗa ta bakin tafinta. Da aka tambaye ta ra'ayinta game da Annabin Musulunci, ta ce ita ba ta san shi ba, Almasihu ta sani, ba ta kuma zagi kowa ba. Aka yi mata tayin 'yan rakiya, ta ce ta gode, ta kama hanyarta.

Babu wanda ya sake addini a wannan zama, ita kuma ba ta ɗauki haka a matsayin asara ba. A wasiƙarta ta yabi karamcin Sultan, ta ce tana ƙaunar mutanen. Ta faɗi abin da ta yi imani da shi a fili, ba ta da bindiga ko buhun hatsi a bayanta, sauran kuma ta bar wa Allah. Wanda ya ce irin waɗannan mutane ba masu bishara ba ne, ina ganin bai karanta labarinsu ba.

Shirun da ake yabo daga baya ya zo. Bayan dubbai sun sha kurkuku, ɗaruruwa sun mutu a ciki, dokar sassauci ta 1689 ta ba su damar yin ibada. Suka gaji, suka yi arziki a kasuwanci da banki, suka rufe ƙofa. Wanda ya auri bare sai a cire shi daga ƙungiya. Zuwa wajajen 1860 mambobinsu a Birtaniya sun ragu zuwa kimanin 14,000. Wannan zamanin na ja da baya ne wasu ke ɗauka shi ne asali.

"Halinmu ya isa wa'azi"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Ɗan kasuwar Kweka ya yi suna da farashi ɗaya ba ciniki, ba ya rantsuwa a kotu domin i ɗinsa i ne, ba ya ɗaukar makami. Ana kuma jingina hujjar da wasiƙar da Fox ya aika daga kurkukun Launceston a 1656, inda ya ce su zama abin koyi a kowace ƙasa, halinsu da rayuwarsu su yi wa'azi a cikin kowane irin mutane.

To amma wa ya rubuta wa wasiƙar? Masu wa'azi ya rubuta wa, waɗanda ke kan hanya. A cikinta kuma ya ce kada su bar wani wuri, kada su hana harshe ko alƙalami aiki. Hali yana tabbatar da magana, shi ya sa ya nace a kai. Idan maƙwabcinka ya ga ba ka cin amana, ya tambaye ka dalili, ka ce ai haka kawai kake, ka karɓi yabon da a imaninka na wani ne. Mutum mai gaskiya ana samun sa a kowane addini, har da wanda ba ya bin ko ɗaya. Hali shi kaɗai ba zai gaya wa kowa wanene Yesu ba, ko me ya sa ka ce ya sake rayuwarka.

"Ai hasken Allah na cikin kowa"

Hujja ta biyu ta fi zurfi. 'Yan Kweka sun yi imani akwai hasken Allah a zuciyar kowane ɗan Adam. Sai wasu su ce, in haka ne, me za ka kai wa wanda ya riga ya samu?

Mutanen farko daga Yohanna 1:9 suka ɗauko maganar, inda aka ce haske na gaskiya yana haskaka kowane mutum, kuma a wurinsu Almasihu ne hasken. Robert Barclay, wanda ya tsara koyarwarsu a rubuce a 1676, ya ce wannan haske na iya ceton wanda bai taɓa jin labarin Yesu ba in ya bi shi. A wuri guda kuma ya ce sanin labarin yana da amfani ƙwarai, yana ƙarfafa zuciya. Bai ce a ɓoye shi ba.

Abin da koyarwar ke canzawa shi ne yadda mai bishara ke shiga gari. Ba ya shiga da tunanin ya kawo Allah wurin da babu Allah. Yana sa ran zai tarar an riga shi aiki a zukatan mutanen, don haka sai ya fara da sauraro. John Woolman, da ya ziyarci 'yan asalin Amurka a Wyalusing a 1763 ana tsakiyar zaman ɗar-ɗar, ya rubuta cewa ya je ne ko zai koyi wani abu daga gare su, ko kuma su amfana da shi. Ya je da abin faɗa, ya kuma je da kunne. Wanda ya ɗauki rabin farko ya bar na biyu ya zama mai lasifika. Wanda ya ɗauki na biyu kawai ya zama ɗan yawon buɗe ido.

Yadda ake tantance mai tafiya

Nan ne nake ganin sauran masu wa'azi ke da abin koya. Ba kowa ne ke farkawa da safe ya ce an aiko shi a bar shi ya tafi ba, kuma da wuya suka koyi wannan darasi. A watan Oktoba na 1656 James Nayler, ɗaya daga cikin fitattun masu wa'azinsu, ya shiga Bristol a kan doki, mabiyansa na shimfiɗa tufafi a gabansa kamar yadda aka yi wa Yesu a Urushalima. Majalisar dokokin Ingila ta same shi da laifin saɓo, aka yi masa bulala, aka huda harshensa da ƙarfe mai zafi, aka yi masa lalas a goshi. Ƙungiyar gaba ɗaya ta sha kunya. Wannan na cikin abin da ya sa aka kafa tarukan wata-wata a faɗin ƙasar a ƙarshen shekarun 1660, don kiran da mutum ya ce ya ji ya bi ta hannun jama'a.

Tsarin da ya fito daga nan har yau ana bin sa a wurare da yawa. Wanda ya ji nauyin tafiya a zuciyarsa yana kai maganar gaban taron wata na ikilisiyarsa. A yau galibi akan naɗa mutum uku zuwa biyar su zauna da shi. Tambaya suke yi, ba sa ba da shawara. Tun yaushe kake jin wannan nauyi? Ya dace da Littafi Mai Tsarki? Wa zai riƙe iyalinka da gonarka ko shagonka? Akwai bashi a kanka? Kana da rigima da wani da ba ku sasanta ba? Da ace an ce ka dakata shekara guda, za ka iya? Wannan ta ƙarshen ita ke tona asiri, domin son kai ba ya jure jira.

In taron ya gamsu, ba a kaɗa ƙuri'a. Magatakarda ne ke rubuta matsayar da aka haɗu a kai, ya karanta, a amince. Sai a ba mai tafiya takarda mai ɗauke da sunansa da inda zai je da abin da zai je yi. In tafiyar ta ƙetare ƙasa ce, taro na sama da wannan, har zuwa taron shekara, shi ma sai ya sa hannu. Ana haɗa shi da abokin tafiya, sau da yawa dattijo, wanda aikinsa ya yi addu'a, ya kuma ja masa kunne in ya fara wuce gona da iri. Duk ikilisiyar da ya sauka tana rubuta abin da ta gani a jikin takardar. Da ya dawo sai ya mayar da ita, ya ba da rahoto, aikin ya ƙare. A tsarin asali ba a biyan albashi, kuɗin hanya da kula da iyali ne kawai ke kan jama'a.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Kwamiti na jin nauyin ce wa babban mutum a'a. Mai kuɗi na ɗaukar nauyin kansa ya tsallake taron. Takarda ta tafiya ɗaya takan koma lasisin dindindin. A ɓangaren da ya ɗauki tsarin fastoci kuwa, wanda ya fara a tsakiyar Amurka a shekarun 1870 da 1880, sauran jama'a kan naɗe hannu su ce ai akwai wanda ake biya don wannan.

"Mishan ai mulkin mallaka ne"

Wannan ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ba zan wanke 'yan Kweka ba. Daga 1869, a ƙarƙashin shirin Shugaban Amurka Grant, sun karɓi riƙon wasu yankunan 'yan asalin Amurka, sun kuma gudanar da makarantun kwana kimanin talatin. An raba yara da iyayensu, an aske musu gashi, an sake musu suna, an hana su yarensu. Mutanen da suka ce hasken Allah na cikin kowa su ne suka yi wannan, da kuɗin gwamnati da ikonta a bayansu. A 'yan shekarun nan wasu tarukansu sun fito sun nemi gafara.

A ajiye wannan kusa da abin da suka yi a Ayalan lokacin yunwar da lalacewar dankali ta haddasa. 'Yan Kwekan ƙasar ba su wuce kimanin 3,000 ba. A 1846 suka kafa kwamitin agaji a Dublin, suka raba manyan tukwanen dafa miya, da tufafi, da iri, da kayan kamun kifi. A lokacin akwai masu ba mayunwata 'yan Katolika miya bisa sharaɗin su zo karatun addinin Furotesta, abin da mutanen Ayalan ba su manta ba har yau. 'Yan Kweka ba su gindaya wa kowa sharaɗi ba. Haka suka yi a Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda a wani lokaci suke ciyar da yara kusan miliyan ɗaya a rana. Irin wannan aiki ne ya sa ƙungiyoyinsu biyu na agaji suka samu lambar Nobel ta zaman lafiya a 1947.

Masu cewa a daina bishara suna nuna Ayalan su ce ga hujja. Ni abin da na gani daban ne. Kowa a ƙasar ya san su waye masu tukwanen, ya san abin da suka yi imani da shi, ɗakunan taronsu kuma a buɗe suke. Abin da suka ƙi shi ne ɗaura wa'azi a wuyan ludayi. Mai jin yunwa ba shi da 'yancin cewa a'a, kuma i ɗin wanda ba zai iya cewa a'a ba ba shi da daraja. Laifin makarantun kwana shi ne tilas da ikon hukuma. Ai ba a hana cinikin hatsi don wani ya yi algus a mudu, mudun ake gyarawa.

Akwai ma aikin da shiru ne daidai a cikinsa. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, tsakanin 1967 da 1970, 'yan Kweka uku, Adam Curle da John Volkmar da Walter Martin, sun yi ta kai saƙo tsakanin ɓangaren Janar Gowon da na Ojukwu. Mai shiga tsakani da ya fara neman mabiya ya zubar da amanar da ta kai shi ɗakin. Amma don likita bai yi wa'azi a ɗakin tiyata ba, ba a ce ikilisiyarsa ta daina bishara ba.

Wa ke ɗauke da kayan yanzu

A 1902 Amurkawa uku, Willis Hotchkiss da Arthur Chilson da Edgar Hole, suka bi sabon layin dogo zuwa Kisumu, suka kafa zango a Kaimosi a yammacin Kenya. Sun haɗa wa'azi da makaranta da asibiti da injin yanka katako mai aiki da ruwa. Shekarun farko tuba kaɗan aka samu. Abin ya bunƙasa ne da 'yan ƙabilar Luhya suka karɓi aikin, malaman ƙauye da ke koyar da karatu da safe su yi wa'azi da yamma, da irin su Joel Litu da ya yi shekaru yana fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Maragoli. A 1946 suka samu taron shekara nasu na Gabashin Afirka, wato reshe mai cin gashin kansa. Haka aka yi a Gwatemala daga 1902, da Burundi daga 1934, da Bolibiya a cikin 'yan Aymara.

Ƙidayar da kwamitinsu na duniya ya fitar a 2017 ta nuna 'yan Kweka kusan 380,000 ne, kimanin rabi a Afirka, Kenya kaɗai ta haura 100,000. Mambobin Birtaniya, inda aka faro, ba su kai 15,000 ba. Masu ibadar shiru zalla yanzu 'yan tsiraru ne. Ɗan Kweka na yau ya fi kama da mace a Vihiga ko Kakamega a yammacin Kenya mai waƙa da Littafi Mai Tsarki a hannu. Yawa ba hujjar gaskiya ba ne, na sani. Amma wanda ya ce 'yan Kweka ba sa bishara ya share mafi yawansu daga lissafi.

Su ma na Birtaniya sun fara motsi. A 2002 suka fara wani shiri a Landan inda ake gayyatar baƙi da yamma, mutum uku su yi gajeren bayani kan batu guda, a rabu ƙananan rukuni a tattauna, a rufe da shiru na kamar rabin awa. Tsarin ya yi kyau, babu matsi, babu takardar sa hannu. Ƙorafina ɗaya ne: sau da yawa ƙungiyar ake tallatawa, ana kaffa-kaffa da sunan Yesu Almasihu, wanda Fox ya ce shi kaɗai ya iya magance halin da yake ciki.

Kenya kuma nata ciwon daban. Taron shekara ɗaya na 1946 ya fara rabewa a 1973 da ɓallewar yankin Elgon, yau sun haura goma, kuma rigimar shugabanci da yanki da kadarorin mishan ta fi ta koyarwa yawa a cikin dalilan. Su ne kuma yanzu ke aika nasu masu bishara zuwa Turkana a arewacin ƙasar, tun daga 1970, da Samburu daga baya. Wuraren fari ne, inda mai wa'azi kan iso a mota ɗaya da buhun masara da injin haƙa rijiya. Jarrabawar Ayalan ce ta dawo, sai dai wannan karon baƙar fata ne ke riƙe da ludayin.

Abin da ya kamata a yi a irin wannan wuri ba ɓoyayye ba ne. Dattawan gari, har da waɗanda ba Kiristoci ba, su rubuta sunayen masu karɓar abinci, kada a ɗauko su daga rajistar coci. Ranar rabo ta bambanta da ranar taron bishara, wurin ma ya bambanta. Rijiya a haƙa ta a filin gari, ba a harabar majami'a ba. Gurbin makaranta kada ya rataya a kan zuwa ibada. Wanda ke riƙe da makullin sito kada ya zama shi ne mai kiran mutane su tuba. Rahoton da ake aika wa masu ba da kuɗi a jihar Indiana ta Amurka ko Nairobi kuma a raba shi gida biyu, buhunan da aka raba a shafi ɗaya, aikin bishara a wani shafin, don kada wani ya zauna ya lissafa nawa aka kashe a kan kowane sabon tuba.